Ƙarin muƙamuƙi a ƙasar Daura: A duba shi tun yana kamar goro

Akwai wata lalura da ke tafiya a ɓoye a garuruwa da ƙauyukan arewa, kuma ƙasar Daura ba ta tsira daga gare ta ba. Ita ce kumburin ƙashin muƙamuƙi da ke girma sannu a hankali, shekara na bin shekara, har ya sauya wa mutum kamanni. Magidanci yakan ja amawali ya rufe, saurayi ya bar gemu ya taru a kai, mace kuwa ta ja mayafi, daga baya ta daina zuwa biki da suna. A kasuwar Mai'adua ko tashar motar Zango ana iya wuce mai wannan lalura ba a lura ba, sai ranar da kumburin ya fi ƙarfin rufewa. A lokacin ne ake fara ganin hotonsa a Facebook, ana roƙon bayin Allah su taimaka a kai shi Kano ko Zariya.

Abin takaicin shi ne mafi yawan irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne. Ba ya bin jini ya tafi hanta ko huhu yadda daji ke yi, kuma idan aka yi masa aikin da ya dace ana rabuwa da shi. Sai dai girman da ya yi ranar da aka isa gaban likita shi ke yanke hukunci: ko a ɗebe ɗan yankin ƙashi a sallami mutum da fuskarsa yadda take, ko a cire rabin muƙamuƙi da haƙoran da ke kansa. Abin da ya raba waɗannan biyun lokaci ne kawai, kuma lokacin nan a gida yake ƙarewa, da wurin mai magani, da gaban kantar kyamis.

Tushen abin yana cikin yadda Allah Ya tsara fitar haƙori. Tun jariri na ciki, wasu ƙwayoyin halitta ke taruwa a cikin muƙamuƙi su gina haƙora, har da farin ɓawon nan mai tauri da ke lulluɓe su. Idan sun gama aikinsu yawanci sai su ɓace, amma akan samu ragowa da ke kwance a cikin ƙashi. A wurin mafi yawan mutane haka za su yi ta kwanciya har ƙarshen rayuwa. A wurin wasu kuwa sai su farka su fara hayayyafa, su zama ƙari. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira amelobilastoma. Kusan kashi 80 cikin 100 nasa a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, sau da yawa ta wajen turame, kuma ya fi kama mutane tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato daidai shekarun noma da aure da renon 'ya'ya. Ba ɗaukarsa ake yi ba, ba kuma rashin tsabtar baki ke kawo shi ba.

Yadda yake girma ne ke yaudarar mutane. Daga cikin ƙashi yake farawa, yana ci yana tura bangon ƙashin waje, ba zafi ba zazzaɓi. Mutum na cin tuwonsa, yana zuwa gonarsa, yana barcinsa. Da farko sai harshe ne ke jin ɗan tudu a dasashi. Bayan wani lokaci haƙoran wurin su fara girgiɗi ko su karkace, domin ƙarin ya cinye saiwarsu. Idan ya yi nisa, ƙashin yakan yi siriri har idan aka danna a ji yana ƙaras-ƙaras kamar ɓawon ƙwai. Daga girman goro ya koma na ƙwai, daga nan lemo, har a kai inda ya yi kamar an kifa ƙoƙo a gefen fuska. A wannan mataki ne haƙoran sama ke fara cizonsa, ya yi gyambo, ya riƙa zubar da jini da ruwa mai wari, tauna ta gagara, mutum ya koma koko da fura, ya rame. Wanda ya fito a muƙamuƙin sama bai kai na ƙasa yawa ba, amma ya fi haɗari, domin ƙashin can siriri ne, kuma babu nisa tsakaninsa da hanci da ido da gindin ƙwaƙwalwa.

Wannan ba sabon labari ba ne ga likitocin arewa. Sashen tiyatar fuska da muƙamuƙi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya daɗe yana aiki a Kaduna, yana cikin wuraren da duniya ta koyi halin wannan ƙari daga gare su. A 1980 Farfesa E. O. Adekeye ya wallafa nazari a kan marasa lafiya 109 'yan Najeriya masu amelobilastoma. A 1993 shi da abokan aikinsa suka fitar da wani a kan mutum 315. A 2005 kuma aka sake duba ƙari 318 masu asali daga ƙwayoyin haƙori da aka gani a Kaduna, aka tarar kusan uku cikin huɗu amelobilastoma ne. A Turai da Amurka, inda mutane ke zuwa wurin likitan haƙori su ɗauki hoto ko ba sa jin komai, akan gano irin waɗannan abubuwa tun suna ƙanana. A nan kuwa, abin da rahotannin suka yi ta nanatawa shi ne marasa lafiya na zuwa a makare, da ƙari ya riga ya girma. Fiye da shekara arba'in ke nan da rubuta wannan, kuma hotunan da ke yawo a wayoyi yau na nuna ba a rabu da Bukar ba.

Dalilan jinkirin sanannu ne, kuma bai kamata a tattara su a jibga wa jahilci ba. Talaka bai saba zuwa asibiti don abin da ba ya ciwo ba, balle idan zuwan zai ci kuɗin mota da wunin aiki. Idan ya tashi neman magani, mafi kusa da shi shi ne mai kyamis, wanda zai ba shi kafso da maganin kashe zafi a kan cewa ciwon haƙori ne. Wani lokaci kumburin yakan ɗan saki, domin ƙwayoyin cuta sun shiga ƙarin kuma maganin ya kashe su, sai a ɗauka an dace. Idan ya dawo, a je a cire haƙorin da ke girgiɗi. Ramin ya ƙi rufewa, wata tsoka ta riƙa leƙowa. Daga nan magana ta koma jifa ko sammu ko iska, a shiga hayaƙi da shafe-shafe, wani a kai shi wurin wanzami a yi masa sakiya ko a kafa ƙaho. Sakiya tana da ma'ana a idon wanda ya ɗauka ƙurji ne ya nuna, domin wani lokaci ruwa mai ruwan ɗorawa yakan fito, kumburin ya ɗan sace. Amma abin da aka yi shi ne an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, an kuma bar tabo da zai wahalar da likitan da zai yi aiki daga baya.

Akwai kuma wata magana da ta zauna daram a zukatan mutane, cewa daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya fusata. Da wannan magana aka hana mutane da yawa gwajin da zai nuna musu cewa abin da ke jikinsu ba daji ba ne tun farko.

Ba kowane kumburin muƙamuƙi ne iri ɗaya ba, kuma a nan ne aikin gano cuta ke da nauyi. Hangum yara ya fi kamawa, a gindin kunne, da zazzaɓi, kuma cikin mako ɗaya ko biyu yake wucewa. Ƙurjin haƙori da zafi yake zuwa, ba ya barin mutum ya runtsa. Akwai kuma dajin nan na yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ke da alaƙa da yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Shi cikin makonni yake kumbura fuskar yaro, haƙoransa su saki, kuma maganinsa ba wuƙa ba ce, allurai ne na daji, yana kuma jin magani sosai idan an zo da wuri. Saboda haka yaron da muƙamuƙinsa ke ƙara girma daga wannan Juma'a zuwa waccan ba na jira ba ne ko na kwana ɗaya. A cikin waɗanda ba daji ba ma akwai bambanci. Wani jaka ce kawai ta ruwa da ta kewaye haƙorin da ya maƙale bai fito ba, ana ɓare ta a cire. Wani dunƙule ne mai tauri da ke da iyaka, yana fita kamar an ɓare gyaɗa daga kwanso. Wani kuma ƙashin ne da kansa ya yi kauri tun ƙuruciya, yawanci akan jira yaro ya gama girma sannan a sassaƙe. Wani mai yauƙi ne, yana kutsawa cikin ƙashi kamar amelobilastoma. A ido duk kumburi ne. Hannu da ido kaɗai ba sa rarrabe su, ko na wane likita ne.

Abubuwa biyu ke rarrabewa. Na farko hoto. Akwai na'urar da ke zagaya kan mutum ta ɗauki muƙamuƙi gaba ɗaya, daga kunne zuwa kunne, a hoto guda, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. A irin wannan hoto amelobilastoma yakan fito kamar kumfar sabulu ko saƙar zuma a cikin ƙashi, a ga saiwar haƙora ta guntule. Inda babu wannan na'ura, hoton ƙashi na yau da kullum da aka ɗauka ta gefe yana nuna abu mai yawa. Idan ƙarin ya girma ko yana sama, sai an haɗa da babban sikanin da ke nuna zurfinsa da inda ya kai. Na biyu gwajin tsoka. Likita yakan fara soka allura ya ja ya ga abin da zai fito, domin akwai wani nau'i da ba a cika samu ba wanda tarin jijiyoyin jini ne a cikin ƙashi, wanda idan aka cire haƙori a kansa jini na iya ɓallewa ya ƙi tsayawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a daina miƙa baki ga masu cire haƙori a gefen titi. Bayan haka sai a yanko ɗan yanki, a saka a kwalbar magani, a aika wa likitan da ke duba tsoka da madubin ƙara girma. Sakamakonsa ne ke faɗin sunan ƙarin, sunan kuma shi ke faɗin irin aikin da za a yi.

Kan aikin ne ya kamata a tsaya sosai, domin a nan ake tafka kuskuren da ya fi tsada. Amelobilastoma, musamman nau'insa mai ɗakuna da yawa, ba ya tsayawa inda hoto ya nuna ya tsaya. Yana tura 'yan siraran yatsu cikin ƙashin da ke kewaye da shi, waɗanda ido ba ya gani. Wanda ya buɗe ya kankare abin da ya gani ya ɗinke, zai sallami mara lafiya yana murna, fuska ta koma daidai, kuɗi kaɗan aka kashe. Bayan shekara biyu ko biyar kumburi ya dawo, wannan karon ya fi na da faɗi, wani lokaci ya fita daga ƙashi ya shiga tsokar kunci da ta wuya. An kashe maciji ba a sare kansa ba, maganar da mutanen garin rijiyar Kusugu ba sa buƙatar a yi musu fassararta. Shi ya sa ƙwararru ke yanke ƙarin tare da kimanin santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi ta kowane gefe.

Wannan santimita ɗaya da 'yan kai ita ke bayyana duk abin da ake faɗa game da zuwa da wuri. Idan ƙarin kamar goro yake, za a iya yanke shi da gefensa a bar gindin muƙamuƙi a haɗe, kamar a rushe saman katanga a bar tushe. Mutum zai rasa haƙora biyu ko uku, amma haɓarsa na nan, taunarsa na nan, ba mai ganewa a hanya. Idan ya kai lemo, ya riga ya cinye tushen, dole a yanke muƙamuƙin gida biyu a fitar da yanki. Idan ya ƙetare haɓa zuwa ɗaya gefen, an shiga wani babi dabam, domin a ƙashin haɓa tsokar da ke riƙe harshe ta kama. Cire shi ba tare da an maye gurbinsa ba na nufin harshe ya riƙa faɗawa baya, yawu ya riƙa zuba, magana ta canza. Irin wannan aiki yana ɗaukar sa'o'i, yana buƙatar jini leda-leda, da ƙwararren mai sa barci, domin saka bututun numfashi a bakin da ƙari ya cika ba ƙaramin aiki ba ne. Wani sai an huda masa maƙogwaro na ɗan lokaci, a riƙa ba shi abinci ta hanci. Jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji tana ratsa cikin ƙashin ne, don haka sau da yawa da ita ake tafiya.

Bayan cirewa sai gyara. A da, likitocin ƙasar nan da wayar ƙarfe suke riƙe giɓin don kada ragowar ƙashin ya karkace. Yanzu ana amfani da faranti na ƙarfen titaniyam da ake lanƙwasawa daidai da siffar muƙamuƙi a ɗaure da kusoshi, sannan a ɗebo ƙashi daga ƙugun mutum ko haƙarƙarinsa a cike. Wannan yana kamawa da kyau idan giɓin gajere ne, amma yana ƙara wuya gwargwadon tsawonsa. Ga dogon giɓi, hanyar da ta fi inganci ita ce wadda wani likita a birnin New York, David Hidalgo, ya bayyana a 1989: a ɗauko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa, a sassaƙa shi ya yi siffar muƙamuƙi, a ɗinka jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubi. Asibitocin da ke iya wannan a Najeriya ba su da yawa. Faranti da kusoshin kuwa daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun tsakiyar 2023. Masu bincike sun gano a 2014 cewa yawancin amelobilastoma na muƙamuƙin ƙasa na ɗauke da wani sauyi a ƙwayar halitta da ake kira BRAF, abin da ya buɗe ƙofar gwada magungunan da ke rage girmansa. Labari ne mai daɗi, amma magungunan masu tsada ne ƙwarai, kuma har yanzu ba su maye gurbin tiyata ba. Manomi a Baure ko Sandamu ba zai jira su ba.

To, ina Daura ta tsaya a duk wannan? Ba za a ce garin ba shi da gine-ginen lafiya ba. A 2019 aka buɗe asibitin Rundunar Sojan Sama. Babban asibitin garin ya koma Cibiyar Lafiya ta Tarayya, a daidai lokacin da ta Katsina ta zama asibitin koyarwa. Katsina na da nisan kimanin kilomita 80, Kano kuma na can ta hanyar Kazaure, inda Asibitin Malam Aminu Kano ke da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, ga kuma Shika a Zariya. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, duk nan suke dubawa, haka ma maƙwabta daga ƙasar Damagaram da ke ƙetarowa ta Kongolam. Ma'aunin amfanin waɗannan gine-gine ga mai ƙarin muƙamuƙi ba yawan gadaje ba ne. Tambayar ita ce, matar da ta zo daga ƙauye da tudu a dasashinta, za ta iya samun wanda zai duba bakinta, a ɗauki hoto, a yanki tsoka a rana ɗaya ko biyu, a kuma kira ta idan sakamako ya fito?

Wannan shi ne abin da ya kamata hukumar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina su tabbatar ya tsaya da ƙafafunsa: na'urar hoton muƙamuƙi mai aiki kullum, da wanda ya iya sarrafa ta, da wutar da za ta kunna ta, likitan haƙori da ke da kayan yankar tsoka, da tsayayyar yarjejeniya da ɗakin gwaji na Katsina ko Kano. Kwalbar tsoka tana iya shiga mota ita kaɗai. Hoto yana iya tafiya ta waya ya isa hannun ƙwararre cikin daƙiƙa. Babu dalilin da zai sa mara lafiya da ɗan rakiyarsa su yi zuwa uku ko huɗu Kano, suna kwana a barandar asibiti, kafin a faɗa musu sunan abin da ke damunsu. Da yawa a zuwa na biyu guzuri ke ƙarewa, su koma gida, ba a sake ganinsu sai bayan shekaru.

Akwai masu ganin cewa tunda Daura ta sami cibiyar tarayya, kamata ya yi a riƙa yin kowane irin aiki a can. A wannan lalura, hakan ba daidai ba ne. Likitan tiyatar muƙamuƙi sai ya yi shekaru yana samun horo bayan ya gama karatun haƙori, ba su da yawa a arewa, kuma guguwar ficewar likitoci zuwa ƙasashen waje ba ta bar su ba. Hannu kuma da yawan yi yake faɗawa. Ya fi alheri a tara manyan ayyuka inda ake yin su kowane mako, a bar wa Daura ganowa da ƙananan ayyuka da bibiya, ƙwararre ya riƙa zuwa daga Katsina ko Kano a ranakun da kowa ya sani. Haka kuma, 'yan siyasa da ƙungiyoyin da ke shirya tiyata kyauta ta kwana uku su san iyakarsu. Irin wannan shiri ya taimaki dubban masu yanar ido da gwaiwa, Allah Ya saka musu. Amma ƙarin muƙamuƙi ba a taɓa shi sai da sakamakon gwaji a hannu, ba kuma a yi masa aiki a naɗe tabarma a tafi. Wanda ke son taimakawa da gaske ya biya kuɗin hoto da gwaji da farantin ƙarfe, ko da ba za a sami taron ɗaukar hoto a ranar ba.

Maganar kuɗi ba ta gwamnati kaɗai ba ce, amma ita ce a gaba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu na musamman don masu rauni, Jihar Katsina kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Ya kamata hukumar ta fito fili ta ce hoton muƙamuƙi da gwajin tsoka suna cikin abin da take biya ba tare da kai-kawo ba, ta kuma nemi hanyar sayen faranti da kusoshi a dunƙule maimakon a bar kowane iyali ya je ya yi ciniki shi kaɗai da dillali. Lissafin ba mai wuya ba ne: kuɗin gyara muƙamuƙi ɗaya da ya lalace zai ɗauki nauyin hotunan mutane masu yawan gaske. Masu fitar da zakka da hukumomin da ke raba ta su ma su duba wannan ɓangare. Sakkwato ta nuna abin na yiwuwa. Asibitin yara masu ciwon noma da aka kafa a can a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, ya daɗe yana gyara fuskoki kyauta, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Noma ba ƙari ba ne, amma darasin ɗaya ne: ma'aikatan can ba sa zama su jira, ƙauyuka suke shiga suna nema, suna koya wa masu maganin gargajiya alamomin farko.

A wannan fage masarauta ta fi kowa hannu. Sarakunan arewa sun taka rawar da kowa ya shaida wajen yaƙi da shan inna har aka wanke Najeriya daga cutar a 2020, kuma da hakimai da dagatai da masu unguwanni suka yi aikin. Fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, na iya amfani da wannan tsani ta isar da saƙo gajere: duk kumburin muƙamuƙi da ya wuce mako uku, ko haƙorin babba da ya fara girgiɗi ba bugu ba faɗuwa, ko ramin haƙorin da ya ƙi warkewa, a je a ɗauki hoto, ko da ba ya ciwo. Wanzamai kuwa bai kamata a mayar da su abokan gaba ba. Babu wanda ya fi wanzami sanin haɓar mazan unguwarsu, shi ke riƙe ta a hannu duk bayan 'yan makonni, zai ji tudun kafin mai shi ya yarda akwai shi. Idan aka zauna da Sarkin Aska da mutanensa aka nuna musu hotuna, aka ba su lambar da za su kira, za a sami masu ganowa a kowace unguwa ba tare da an ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba. Ga mata, unguwarzoma da ma'aikatan awon ciki ne ke da wannan dama. Mace takan je awo sau da yawa a rayuwarta, a auna jininta a duba cikinta, ba wanda ya ce ta buɗe baki.

Saura wani ɓangare da ake yawan mantawa, wato bayan an sallami mutum. Amelobilastoma na iya dawowa bayan shekara biyar, wani ma bayan goma, kuma dawowarsa ma ba ta ciwo. Wanda aka yi wa aiki yana buƙatar hoto lokaci-lokaci na tsawon shekaru, yana buƙatar haƙoran roba don ya koma tauna, wani kuma sai an sake duba farantin idan ya fara leƙowa ta fata. Mutumin da ya sayar da akuyoyinsa da hatsinsa ya yi aiki a Zariya ba zai riƙa komawa can duk shekara don hoto ɗaya ba, musamman idan yana jin kansa garau. Don haka takardar sallama ta riƙa ɗauke da sunan ƙarin da irin aikin da aka yi, kwafinta ya dawo Daura, a buɗe rajista da sunan ƙauye da lambar waya ta mara lafiya da ta wani ɗan'uwansa, har da waɗanda lambarsu ta Nijar ce, a kuma ɗora wa ma'aikaci guda alhakin kiran duk wanda lokacin hotonsa ya yi bai zo ba.